Haƙoran Gaiwa

Injin ya yi tari sau uku ya mutu,
ranar Talata, tumatir na tsaka da fure.
Na janyo tiyo daga Galma, ya yi nauyi
kamar na ɗauko mushen mesa.
Na zazzage. Ba yashi, ba laka,
sai 'yan makankarai kamar farcen jariri
sun shaƙe maƙogwaron ruwa.

Makankarin da na sani ya kai tafin hannu,
da shi Iya take kankare ƙanzo.
Waɗannan baƙi ne.
Wasu sun ce a gindin kwalekwalen masu yashi suka zo,
wasu sun ce a jarkar 'ya'yan kifi.
Ba sallama, ba neman masauki,
sai haihuwa.

Muka kwashe da kwando muka jibge a tudu,
wari ya kori masu sarin kabeji har bakin titi.
Jatau ya ce a tuttula maganin feshi,
galan biyu, kowa ya huta.
Na ce, Jatau, nan 'yarka take wanki,
nan shanun Arɗo suke kafa kai,
in ruwa ya mutu, wa za a yi wa gaisuwa?

Sai ga wata malama daga Samaru, Tasalla,
takalmin roba har gwiwa.
Ta ƙirga su a faranti, ta rubuta,
ta ɗago ta ce, "Ina kurungunku?
Ina gaiwa?"

Kowa ya dubi yatsun ƙafarsa.
Mun san inda suke.
Gidan sauron da aka raba a asibiti,
da shi muka tace kogin
har ɗan da bai kai ɗan yatsa ba.
Da rani muka bi fadama da fartanya,
muka tono mai barci daga ɗakinta na laka,
muka gasa, muka barbaɗa yaji.
Ni kaɗai na ci bakwai a bara,
ban tsaya tambayar me take ci ba
kafin ta zo hannuna da tsadar ƙoshi da wawa.

Baba Nomau, sarkin ruwa, bai yi faɗa ba.
Ya ciro busasshen kai daga rataya,
ya buɗe bakin, ya ce in sa yatsa.
Wannan ba haƙori ba ne, dutsen niƙa ne.
Ya ce, "Kun sallami mai gadi,
kuna mamakin ɓarawo ya shigo da tsakar rana
har yana shimfiɗa tabarma yana hutawa."

Aka kawo su a durom, a bayan a-kori-kura,
aka saki da hantsi, ba kiɗa.
Lantana ta koro agwaginta goma sha ɗaya
su yi kiwon gefe.
Aka ce damina biyu ba koma, ba ƙugiya.
Damina biyu!
Miyar gidana ta koma kuka tsura,
yara na leƙa tukunya suna kallona
kamar ni na haramta daɗɗawa.

Ban ce sun ƙare ba.
Har yau duk Juma'a ina zazzage tiyo,
sai dai bokiti ya koma kwano,
kuma rabinsu fasassu ne,
an tauna, an tofar.
Malama ta ce ƙila ba za su ƙare ba,
a dai hana su sarautar ruwa.

Shekaranjiya na tarar da ɗaya a ramin ban-ruwa,
ta kai tsawon hannuna, ta maƙale a taɓo.
Ba kowa a lambu. Akwai gishiri a aljihuna.
Na daɗe tsugune,
cikina yana faɗar tasa, injin yana faɗar tasa.
Na ɗauke ta da hannu biyu, santsi na ƙwace min,
na kai ta inda ya yi zurfi.
Ko waige ba ta yi ba,
ma'aikaciya ce, ta makara,
ta nutse ta koma bakin taunawa.