Hancin Ɗaki

Iskar farkon damina ce ta yi mini aike,
daren Laraba, bayan isha'i.
Ta ɗage kwano uku na ɗakin gabas,
ta ajiye su a gonar Malam Barau, tsakiyar kunya.
Da safe na ɗaga kai ina duban katakon da ya saura:
gara ta cinye cikinsa ta bar mini fata,
ka taɓa da yatsa ya zubo kamar garin kwaki.

Aka ce in nemo Hambali na Kyarama.
Ya zo a babur, fensir a kunne, guduma a ƙugu,
ya zagaye gidan sau biyu bai ce uffan ba,
sannan ya faɗi kuɗi.
Na nemi wurin zama.

Ɗan maraƙina na sayar, da riɗi buhu shida,
kuma ban manta ɗan kwangilar maƙwabcina ba,
wanda ya karɓi kafin alƙalami
ya tafi Gujungu sayo ƙusa,
damina biyu ke nan yana ciniki.
Don haka na bi Hambali kasuwa ƙafa da ƙafa.
Na lanƙwasa bakin kwano in ji kaurinsa,
na ƙirga bandir, na ƙirga katako, na sake,
na shinshina baƙin mai ko an yi masa sirki.
Ƙusa kuwa ƙarƙashin gadona ta kwana.

A leɓen rufi rigimar ta tashi,
inda kwano ke leƙo bango kamar bakin malafa,
allunan ƙasansa duk sun ruɓe.
Na ce, "Toshe shi ruf.
Na gaji da jemagu da kashinsu a silin,
mujiya ma ta yi haya a nan, ba ta biya ba."
Ya ce, "Baba, a bar kafofi a sa raga,
biyu gabas, biyu yamma,
ɗaya can sama a goshin gini."
Na ce a raina, to ga shi nan,
ƙarin kuɗi ya sanyo hula ya zo gaisuwa.

Bai ja da ni ba.
Sai da rana ta take tsaka
ya jingina tsani a ɗakin yamma, wanda iska ta ƙyale,
ya ture murfin silin, ya ce, "Sa kanka kawai."

Na sa.
Tanderun gurasa ya fi wurin nan tausayi.
Numfashina ya tafi ya dawo mini dafaffe.
Ya miƙo tocila: ƙusoshi sun yi jawur da tsatsa,
katako ya yi dabbare-dabbare kamar bayan zabuwa.
Daga ƙasa na ji muryarsa:
"Ɗaki ma numfashi yake yi.
Ka toshe masa hanci, a katakonka zai yi zufa."

Can inda bango ya ƙare na hango ramuka huɗu a jere,
aikin hannun mahaifina,
an cushe su da tsumma, an shafe da laka.
Na gane tsumman.
Tsohuwar taguwata ce mai ruwan ƙasa,
ni na cusa ta, shekarar da aka haifi Lantana.

Na sauko a hankali, ƙafa na laluben matakala.
Ban ce ya yi gaskiya ba, bai nemi in ce ba.
Na kwance bakin aljihu na ba da kuɗin raga.
Ƙusa dai ban daina ƙirgawa ba.

Yanzu gero ya kai ƙugu.
Da dare nakan ji iska ta shigo ta gabas,
ta ratsa saman kaina, ta fice abinta.
Uwale ta daina fitar da tabarma tsakar gida.
Jemagu sun koma kan darbejiya, suna gaba da ni.

Hambali yana bina dubu huɗu.
Ni ma ina binsa ɗigo ɗaya kusa da indararo,
na kafa masa tasa.
Duk wanda ya riga zuwa, shi ya ji kunya.