Ɗigo a Kan Kwali

A Valparaiso, garin hawa da gangara,
inda giya ta biyu ba ta san hutu ba,
Don Eleuterio ya turo tasinsa da sassafe,
ya ce, "Maritza, ta fara fitsarin kwance."

Ban ɗauki sifana ba tukuna.
Kwali na shimfiɗa a ƙarƙashinta,
muka sha shayi muna kallon jiragen ruwa
har ɗigo uku suka sauka.
Na dangwala, na kai hanci:
warin ruɓaɓɓen ƙwai, kauri kamar zuma.
Man inji ba ya wannan wari.
Na giya ne.

Na shiga rami da fitila a baki.
Ko'ina jiƙe, ko'ina baƙi,
iskar hanya ta kwashe man ta shafe cikin motar,
inda ya taru ba nan ya fito ba.
Na wanke da kananzir, na bari ya bushe,
na barbaɗa hodar jarirai,
na ce ya hau tudun Cordillera ya dawo.

Ya dawo. A kan farin hoda
ga siririn layi kamar sawun tururuwa,
na bi shi sama, na wuce notin tsiyaya,
na wuce gaskit, lafiyarsa lau,
sai bakin shaf na hagu.
Sil ɗin ya bushe, ya tsage kamar leɓe.

Na tsiyaye man, na zare shaf,
na ƙwaƙule tsohon da ƙugiya a hankali
don kada in karce mazauninsa.
Sabon na shafa masa mai a baki,
na buga kaɗan-kaɗan, zagaye,
har ya zauna daidai.

Da na rufe ke nan,
sai na tuna faɗar babana:
"Duba hancinta, 'yata."
A saman akwatin, ƙaramar kafar numfashi
ta toshe da laka da gishirin teku.
Zafi ya taru, ya rasa ƙofa,
ya nemi inda ya fi rauni.
Na huda da waya. Ta yi fus.

Don Eleuterio yana tsaye bakin rami,
wata bakwai da binne matarsa,
bai taɓa ambatonta ba.
Ya ce, "Wannan 'yar kafar ce duka?"
Na ce, "Ita ce."
Ya daɗe yana juya hularsa.

Na ɗura mai har ya leƙo bakin mazubi,
na ɗaure, na ba shi sabon kwali.
"Sa mata a daren nan. Gobe ka kawo mu gani."