Shafi na Tara

Ƙarfe biyar na asuba na tayar da motar Emil,
sai da ta yi tari sau uku kafin ta yarda.
Ƙanƙara ta kwanta a kan karan masara,
Nebraska ta yi fari fat, kamar ba a taɓa taka ta ba.

Ɗakin 'yan kwana-kwana muka share,
tebur uku, akwati ɗaya,
da butar gahawa wadda ta girmi jikata.
Shekara talatin da ɗaya ina kan kujerar nan,
ni Loretta Vavra, mai duba suna, mai miƙa takarda.

Mutum ɗari biyu da sha huɗu ne a littafina.
Na san wanda fari ya sa ya sayar da shanunsa,
na san wadda banki ya aiko wa wasiƙa,
na san mai cire hula a bakin ƙofa
da mai shigowa da kashin shanu a takalmi, ko a jikinsa.

Wakili za mu tura majalisar tarayya,
can inda ba wanda ya san farashin damin ciyawa.
Ɗaya lauya ne mai fararen haƙora,
ɗayar malamar asibiti, ta rantse
ba za a rufe mana ɗakin haihuwa ba.
Kowannensu ya zo sau ɗaya, ya ci gasasshen nama,
ya yabi sararin samaniyarmu, ya kama gabansa.

Shekara arba'in da huɗu ni da Emil a gado ɗaya,
ba mu taɓa zaɓen mutum guda ba.
Shi ja, ni shuɗi.
Yakan ce, "Mu yi zamanmu a gida, Loretta,
taki ta cinye tawa, tawa ta cinye taki,
asarar mai kawai muke yi."
Amma tun dare zai goge takalmi,
ya riga kowa tsayawa a layi,
ya karɓi takarda a hannuna yana murmushin mugunta.

A watan Afrilu muka kai shi makwanci.
Magatakarda bai goge sunan ba tukuna.
Ga shi a shafi na tara, saman nawa,
layin sa hannunsa fayau.

Wajen azahar wata yarinya ta shigo,
da rigar aikin mayanka, yatsunta sun tsage don sanyi.
Yesenia Vasquez. Bana ta zama 'yar ƙasa.
Alƙalami na rawa a hannunta,
ta sunkuya, ta zarce layinta da ɗaya,
ta rattaba sunanta a gurbin mijina.

Na daɗe ina kallon tawadar.
Doka ta ce in soke, na soke,
na nuna mata nata wurin, ta ba ni haƙuri har sau uku.
Na ce, "Ba komai, 'yata, mai wurin ba ya da rowa."

Da yamma ta yi, layi ya tsinke, na shiga bayan labule.
Yau babu mai cinye tawa.
Ashe nauyi gare ta, ƙuri'ar da ba ta da abokin faɗa.
Na cike ƙwayar da fensir, a hankali,
kamar mai ɗinke maɓalli a rigar da ba za a sake sawa ba.

Ɗari da sittin da uku muka lissafa.
Ɗan sanda ya ɗauki akwati zuwa hedikwatar gunduma,
fitilarsa ta yi ta ƙanƙancewa a kan hanya.

Ban kunna rediyo ba.
Wanda ya ci, zan ji a shagon sayar da dusa.
Na isa gida, na ɗora ruwa a wuta,
sai da ya tafasa na lura
kofi biyu na sauko da su.