Goɗiyar Toktosun

Ran Lahadi, kasuwar motocin Osh.
Dusar ƙanƙara ta rufe farashi a kan gilashi.
Esenbek ya share da hannun riga,
ya karanta, ya haɗiye yawu.

Shi dai jar ƙaramar nan yake so.
Gulbarcin ta ƙirga da yatsu:
yara huɗu, tsoho, buhun dankali,
da tunkiya in biki ya kama.
"Mu kuma fa? Kan rufi?"

Suka koma gun farar,
mai tsatsa a gindin ƙofa,
mai tari kafin ta tashi.
Dillali ya cafke hannun Esenbek yana jijjigawa,
kafaɗa ta yi tsami kafin a sallama.

Kuɗin na goɗiya ne,
wadda Toktosun ya yi renonta tun tana duƙusa,
aka cika da gumin 'yarsa
mai goge benaye a Mosko.

Hanyar gida tsoho bai ce uffan ba.
A hawan dutse mota ta soma nishi,
ya shafa ƙofa kamar wuyan dabba,
ya kira ta da sunan goɗiya.

Ta hau.