Hatimi

Ni ce na ɗaure hannun.
Gara in faɗa tun farko,
kada a ɗora wa Malam Hashimu shi kaɗai.
Shi dai cewa ya yi, "Uwani, ke ce babba,
ki raba ƙanenki da riƙon alli da hagu."
Ni kuwa ina aji biyar, ina ji da kaina,
na yage gefen tsohon ɗankwalin Inna
na ɗaure hagun Mati a ƙugunsa,
kamar akuyar da ake tsarewa daga gonar shinkafa.

Shekararsa shida.
Da hagun nan yake kakkaɓo ɗorawa da jifa ɗaya,
da shi yake warware komar Baba in ta sarƙe a kacala,
ko zare ɗaya ba ya tsinkewa.
Amma a tsayar da shi gaban allo,
sai haruffa su juya masa ƙeya.
Mai ciki a gaba ta koma mai ciki a baya,
masu ƙugiya kuwa, sai ta Allah.
A ce dawa, ya rubuta bawa.
Ran da aka ce ɗari ya kawo ɓari,
aji ya kwashe da dariya
har 'yan aji uku suka leƙo ta taga.
Sunan ya bi shi rafi, ya bi shi kasuwar Auyo:
Mati Ɓari.

Mako uku da ɗaurin, harshe ya bi hannu.
"Ya-ya-yaya," in zai kira ni,
kamar injin ban ruwa da ya ƙi tashi da asuba.
Kaka Gambo ta ce iska ce, ta turara shi da hazbiya da ban san sunanta ba.
Baba ya ce taurin kai ne.
Ba wanda ya dubi tsumman.

Ni na sani.
Da dare nake kwance shi,
in ga shatar ƙulli a wuyan hannunsa,
in ga ya share ƙasa ya zana tarwaɗa har da gashin baki,
yana ba ni labarinta, magana na gudu kamar ruwan Agusta.
Gari na wayewa in sake ɗaurewa,
don Malam ya ce ni yarinyar kirki ce.

A aji huɗu ya daina zuwa.

Yau in ka sauka tashar Haɗeja,
akwai ɗan tebur a ƙarƙashin lema mai faci uku:
reza, guntayen roba, tawada shuɗiya.
Nan yake sassaƙa hatimi,
sana'ar da sai ka rubuta komai a juye
kafin takarda ta karanta shi a miƙe.
Masu kemis na zuwa, ƙungiyar masunta na zuwa,
har makarantarmu nasa take bugawa a sakamakon yara.
Ya ce, "Abin da kuke gani baibai,
ni tun can shi ne daidai."

Bara na je da niyyar neman gafara.
Na haddace kalmomin tun daga cikin mota.
Da na tsaya gabansa,
"Ma-ma-mati" kawai ya fito.

Bai ce komai ba.
Ya yanki roba, ya sunkuya, hagun na tafiya
kamar bai taɓa sanin igiya ba.
Ya hure ɓurɓushin, ya miƙo mini. "Karanta."

Na juya shi sama, na juya shi ƙasa.
Ni mai takardar malanta, shekara goma sha tara ina gyara jan biro,
haruffa biyar suka tsaya mini cirko-cirko,
zufa ta karyo, kunnuwana na jiran dariya.

"A hankali, Yaya," in ji shi,
"ba mai leƙowa ta taga."

Sannan ya dangwala tawada
ya buga mini a tafin hagu.
Kwana uku ina alwala a kansa
kafin sunana ya goge.