Sai-an-tura

Jiya na bi ta bayan kasuwar Yelwa,
a tsohon garejin marigayi Mato na gan ta.
Ba taya, ba gilashi,
kaza ta yi kwanci a kujerar direba,
darbejiya ta tsiro ta inda inji yake.
Na tsaya kamar wanda aka kira da sunan yarinta.

Fijo ce, ɗari huɗu da huɗu,
mu huɗu muka haɗa kuɗinta:
ni da Barau da Jibo mai shayi,
da Kallamu wanda ya rabu da kekensa yana hawaye.
Mai ita ya ƙirga sefa sau biyu,
ya ce Allah ya ba mu haƙuri.
Mun ɗauka ya yi tuntuɓen harshe ne.

Kaf Garwa ba wanda bai san muryarta ba.
Salansa a ɗaure da waya,
ƙofar baya da igiyar guga,
makullinta kuwa kafaɗunmu ne.
Kullum a gangare muke kwantar da ita,
mu sa mata dutse kamar matashi.

Ka tuna Lahadin kasuwar Pitowa, Barau?
Muna tsakar hanya bel ya tsinke,
ka zare zariyar wandonka muka ɗaura.
Ta kai mu, wallahi ta kai mu!
Kai kuma ka yini kana cinikin albasa
da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da mutunci.

Lagireto ya yi yoyo a hanyar Lagdo,
wata tsohuwa ta sayar mana da ƙwai biyu,
muka fasa a ciki, muka bi da garin barkono.
Jibo ya leƙa ya ce saura albasa da gishiri.
Kifin da muka saro ya kwana uku a but,
har damina ta wuce kuliyoyin unguwa na yi mana rakiya.

Daren da fitila ta mutu a kan gadar Binuwai,
Kallamu ya hau goshinta da tocila,
yana haska kwalta, yana karanta duk abin da ya haddace.
Jandarma ya tsayar da mu,
ya zagaya ta sau ɗaya, ya nemi takardu,
dariya ta ci ƙarfinsa.
Da ya ce mu tafi, ta ƙi tashi.
Shi ma sai da ya tura.

Sau ɗaya tak ta tashi da kanta,
ran da naƙuda ta kama matar Jibo da tsakar dare.
Murɗa ɗaya, ta amsa.
Ba ta yi tari ba har ƙofar asibiti,
can ta mutu, ta yi sati biyu.
Yarinyar yanzu 'ya'yanta uku,
ba ta san wa ya fara yi mata hidima ba.

Kallamu ya yi nisa, yana Jamaina, ba waya.
Jibo, ƙasa ta rufe masa ido bara waccan.
Barau gwiwa ta hana shi ko tura ƙofa.
Ni kuma tawa ta yanzu, da yatsa ake tayar da ita,
sanyi a ciki, shiru a ciki,
ba ta taɓa neman kowa ya sauko ba,
ba kuma kowa a cikin da zai sauko.

Yaron garejin ya ce, Baba, ƙarfe kake nema?
Na ce a'a.
Na zagaya bayanta,
na dafa daidai inda tafukanmu suka cinye fenti,
na ɗan tura.
Kazar ce kawai ta motsa.