Ɗigo na Bakwai

Ƙarfe uku na dare a tsaunukan Kauka,
gajimare ya sauko ya kwanta cikin gonakin kofi
kamar baƙon da bai san sallama ba.
Mu takwas ne, rub da ciki a laka.
Ni ke riƙe da allon.
Ni ce idon ayari, in ji su.

A fuskar allon mu shuɗayen ɗigo ne,
a jere kamar 'ya'yan dara.
Can sama jirgi mara matuƙi na shawagi,
shahon da bai damu da kaza ba,
ɗumin jiki kawai yake farauta.

Sai ga su.
Ɗigo shida, jajaye,
suna gangarowa ta turbar alfadarai,
da wani abu dogo a tsakaninsu.

Oba-oba ta yi tari a kunnena.
Kyaftin Bermudez, daga ɗakinsa mai fitila,
tafiyar yini guda daga wannan laka,
yana ganin abin da nake gani:
"Makami suka ɗauko. Ku shirya."
Na ji numfashi bakwai sun tsaya,
yatsu na laluben kunama.

Saje Ovidio ko kallon allon bai yi ba.
Ya zare abin kunnensa ya ɗora kan ganye,
ya ɗan buɗe baki,
wai haka kakarsa ke sauraron hadari.
Ya ce, "Yulieth, na'urar taki tana jin ƙararrawa?"
Na ce a'a.
Ya ce, "Wanda ya fito kisa
ba ya rataya wa alfadarinsa ƙararrawa."

An ce gani ya kori ji.
A daren nan ji ne ya tare gani a hanya
ya ce masa dakata.

Ƙiling. Ƙiling.
Sannan nishi, irin wanda na sani,
don na tsaya bakin ƙofa ranar da yayata ta durƙusa.

Gora ce doguwa, da bargo ɗaure a jikinta,
maza biyu sun saɓa a kafaɗa,
Deyanira a ciki, tana cizon gefen mayafi.
Tsohuwa na biye da tocilan da ya mutu,
yaro na jan alfadari.
Shida cif. Na'ura ba ta yi ƙarya ba,
lissafi ta iya, ba ta iya tambaya ba.

Asibiti na ƙetaren kogi, suka ce.
Na tura shahona gaba ya duba.
Ya dawo min da labarin da kunnen Saje bai kai ba:
gada ta tafi da ruwan jiya,
amma sama kaɗan, bayan wata bishiya da ta faɗi,
akwai mashigi, ruwa iya gwiwa.
Saje ya leƙo allon a karo na farko,
ya yi ƙwafa, ya ce, "To, ja mu."

Ba mu kai ba.
A bakin kogin tsohuwa ta ce a sauke.
Muka juya baya muka yi mata katanga,
bindigogi na kallon daji,
kunnuwa duk suna baya.
Batir ya rage kashi tara.
Kyaftin na ta kira, ina ta cewa saurara.

Kuka ya tsaga ƙarar ruwa.

Na duba allon, hannuna na rawa.
Shuɗi takwas. Ja shida.
Ga wani kuma, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero,
manne a jikin na uku,
ya fi kowa ɗumi.

Na'ura ta ba shi ja,
don ba ta same shi a jerin sunayenmu ba.
Na danna, na sake dannawa,
ina neman wani launin da zan ba shi.
Biyu kawai aka saka mata.